"Masu bincike sun gano": yadda ya kamata mu saurari labarinsu

Duk wanda ya zauna a Cadakori, ko Agye, ko Gazawa, ya san baƙin nan masu zuwa da mota da tarin takardu. Su sauka a ƙofar maigari, a gaisa, a tara musu mata da yara. Wani ya auna damtsen yaro, wani ya bi gona yana ƙidayar itatuwa, wata ta shiga cikin gida ta tambayi uwargida haihuwarta nawa, kuma nawa ke raye. Bayan ƴan kwanaki su yi sallama su tafi. Sai shekara ta zagayo, ko biyu, ko uku, a ji a rediyo ana cewa: "Masu bincike sun gano..." Sau da yawa mai sauraro bai ma san da shi ake ba.

Jahar Maraɗi ta daɗe da sanin masu bincike. Tun shekarun 1970 Bafaranshen nan Claude Raynaut da abokan aikinsa suka bi ƙauyukanta suna nazarin noma da zaman jama'a. Hukumar binciken noma ta ƙasa, INRAN, wadda aka kafa a 1975, tana da tasha a Tarna. A 2009 kuma Epicentre, reshen bincike na ƙungiyar likitoci ta MSF, ta kafa cibiya a Maraɗi. Abin da waɗannan masana suka rubuta shi ne hukumomi da ƙungiyoyin agaji ke dubawa kafin su ce a sayi kaza, a raba kaza, a bar kaza. Saboda haka idan labarin bincike ya karkace a hanya, talaka ne ke ji a jikinsa. Bari mu ɗauki misalai daga fanni uku, duka na gida, mu ga inda labari ke karkacewa.

Lafiya: ƙauyuka 12 da ƙunshin gyaɗa

Bayan yunwar 2005, shekarar da MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar, likitoci suka yi wa kansu wata tambaya. Abincin nan na ƙunshi, Plumpy'Nut, wanda ake haɗawa da gyaɗa da madara da sukari da mai, yana tayar da yaron da tamowa ta riga ta kayar. To, idan aka ba yaro tun bai faɗi ba fa, zai hana shi faɗuwa?

A 2006 aka gwada a ƙauyuka 12 na jahar Maraɗi, da yara 3,533 masu wata 6 zuwa shekara 5. Aka jefa ƙuri'a: ƙauyuka 6 aka ba yaransu ƙunshi guda kowace rana har wata uku, daga Agusta zuwa Oktoba, sauran 6 ba a ba su ba, amma duk yaron da ya kamu da tamowa, ko a wane ƙauye yake, ana yi masa magani. Dalilin ƙuri'ar shi ne kada masu bincike su zaɓi ƙauyukan da suka fi wadata ko suka fi kusa da asibiti, daga baya su ce aikin abincin ne. Aka yi ta auna yaran har watan Maris na 2007. Sakamakon ya fito a watan Janairu na 2009 a mujallar likitocin Amurka mai suna JAMA, da sunan Sheila Isanaka da abokan aikinta.

Ga abin da aka fi yaɗawa: tamowa mai tsanani ta ragu da kashi 58 cikin 100. Gaskiya ne. Amma wanda ya ji haka kurum yana iya zaton cikin yara 100 an ceci 58. Lissafin da ke cikin takardar shi ne: a ƙauyukan da ba a raba abincin ba, in aka bi yara 100 har shekara guda, za a samu kamar 7 sun faɗa tamowa mai tsanani, a waɗanda aka raba, kamar 3. Daga 7 zuwa 3, wannan shi ne kashi 58 ɗin. Ribar ba ƙarama ba ce, domin yara huɗun nan ƴaƴan mutane ne. Sai dai ma'aikacin da zai tsara kuɗin gunduma yana bukatar ya san cewa sai an ciyar da 100 kafin a tsirar da huɗu, don ya auna wannan hanya da wasu hanyoyin.

Akwai kuma batun mutuwa. Yara 7 suka rasu a ƙauyukan da aka raba abincin, 18 a sauran. Mai gaggawa zai ce mutuwa ta ragu da fiye da rabi. Masu binciken da kansu ba su faɗi haka ba. Sun ce lissafi bai tabbatar da ragin ba, domin adadin ya yi kaɗan: cuta guda ta ratsa ƙauye ɗaya ta isa ta juya ƙidayar. Wannan ba ya nufin abincin ba ya hana mutuwa. Yana nufin gwajin bai kai girman da zai yanke hukunci ba. Tsakanin "ba a tabbatar ba" da "babu" akwai tafiya mai nisa, kuma a nan ne masu ba da labari suka fi tuntuɓe.

A 2007, daga Mayu zuwa Oktoba, MSF ta raba wani abinci ɗan'uwan wannan, Plumpy'doz, ga yara kimanin 60,000 masu wata 6 zuwa shekara 3 a gundumar Gidan Rumji, wadda Cadakori ke cikinta. Rahoton da ya fito a 2009 ya nuna tamowa mai tsanani ba ta hau kamar yadda ta saba a lokacin da rumbu ya ƙare ba. Amma a nan ba a jefa ƙuri'a ba, kowa aka ba, sai aka kwatanta da abin da aka saba gani a baya. Damina kuwa ba ta zama ɗaya, farashin hatsi ma haka. Irin wannan shaida tana da amfani, amma ba ta kai ta farko ƙarfi ba.

Wani lokaci bincike biyu kan saɓa wa juna. A 2013 aka buga gwajin da aka yi a ƙasar Malawi, wanda ya nuna cewa ba yaro mai tamowa maganin amoxicillin yana ƙara masa samun sauƙi, yana kuma rage mutuwa. A 2016 aka buga irinsa da aka yi a Madarunfa da yara kusan 2,400: waɗanda suka sha maganin, kashi 66 cikin 100 suka murmure, waɗanda ba su sha ba kashi 63, bambancin da lissafi bai ɗauka a bakin komi ba, ko da yake masu shan maganin sun fi ƙarancin kwanciya asibiti. Babu maƙaryaci a cikinsu. Yaran Malawi da yawa masu tamowar kumburi ne, wasu kuma na ɗauke da cutar sida, alhali na Madarunfa galibi masu ramewa ne, ana kuma bibiyarsu kurkusa. Abin da aka gano a wata ƙasa sai an gwada shi a gida. Uwa kuma kada ta ƙi maganin da malamin asibiti ya ba ɗanta don ta ji rabin labari a rediyo.

Aiki: itatuwa miliyan 200

Labarin sassabin zamani ya zagaya duniya. Manomi ya bar tohon kututturen gawo, ko kalgo, ko sabara, ko magarya a gonarsa, ya rage rassa, ya bar masu ƙarfi su tashi. Tony Rinaudo, ɗan ƙasar Ostareliya da ke aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya soma yaɗa dabarar a 1983, farin 1984 kuma ya sa mutane da dama suka gwada. A gundumar Agye, ƙauyen Ɗan Saga ya yi suna wajen kafa kwamitin tsaron itatuwa wanda ya haɗa manoma da mata da makiyaya. A watan Fabrairu na 2007 jaridar New York Times ta Amurka ta kawo labarin daga Gidan Bakoye.

A 2009 Chris Reij da Gray Tappan da Melinda Smale suka fitar da adadin da ake maimaitawa ko'ina: hekta miliyan 5, itatuwa miliyan 200, ƙarin hatsi tan 500,000 a shekara. Yana da kyau mai karatu ya san yadda aka samo su. Faɗin ƙasar an auna shi ne da hotunan sama, na jirgi da na tauraron ɗan'adam, aka kwatanta na da da na baya, aka kuma bi wasu wurare da ƙafa. Itatuwan ba wanda ya ƙidaya su ɗaya bayan ɗaya: an ɗauki kimanin 40 a kowace hekta aka ninka. Hatsin ma haka: an ɗauka cewa kowace hekta ta ƙaru da kilo 100, wato buhu guda, aka ninka sau miliyan 5. Wannan shi ake kira kiyasi. Masana sun faɗi haka a takardarsu, amma kafin labarin ya ratsa baki goma, kalmar "kimanin" ta faɗi a hanya.

Kiyasi ba ƙarya ba ne, kuma manomin Agye ba ya bukatar tauraron ɗan'adam ya gaya masa cewa hatsin gindin gawo ya fi na fili. Gani ya kori ji. Amma buhu gudan nan matsakaici ne. Wata gonar ta samu fiye, wata ba ta samu komi ba, gwargwadon irin ƙasa da irin itace da damina. Malamin gona da ya yi wa kowane manomi alkawarin buhu, ranar da buhun bai zo ba ya zubar da amanar da zai daɗe bai maido ba.

Abu na biyu da ke ɓacewa shi ne dalili. Wasu labaran sun rataya komi a wuyan mutum ɗaya, alhali shi Rinaudo, wanda aka ba lambar yabo ta Right Livelihood a 2018, yakan ce aikin na manoma ne. Ruwan sama ya ɗan farfaɗo bayan farin shekarun 1980. Tsoron ma'aikatan gandun daji ya ragu, manomi ya soma ganin itacen gonarsa nasa ne, dokar daji ta 2004 da dokar sassabin zamani ta 2020 suka ƙarfafa masa gwiwa. Duk wanda ya kwashi dabarar ya kai wata ƙasa ya bar waɗannan dalilai a baya, kada ya yi mamaki in ba ta kama ba.

Zaman jama'a: adadi ma yana tsufa

A 2012 hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, ta yi babban bincike kan lafiya da haihuwa. Aka samu cewa matsakaicin haihuwar mace a Nijar 7.6 ne, kuma cikin mata masu shekara 20 zuwa 24, kashi 76 cikin 100 an aurar da su kafin su cika 18. A 2021 hukumar ta sake wani binciken, aka samu haihuwar ta sauko zuwa 6.2. Duk da haka an ci gaba da jin 7.6 a jawabai da rahotanni kamar jiya aka auna. Yarinyar da aka haifa a shekarar wancan bincike ta riga ta zama budurwa. Adadin da aka faɗa ba tare da shekararsa ba kamar farashin tiya ne da ba a ce na kaka ne ko na bazara ba.

Sa'an nan irin wannan bincike tambaya ce da amsa. Ba kowane gida aka shiga ba, an zaɓi wasu dubbai ne su tsaya a madadin saura, kuma tsarin an yi shi ne don a san halin ƙasa da na jahohi. Wanda ya ɗauki adadin jahar Maraɗi ya ce shi ne na Cadakori ko na Gazawa ya wuce gona da iri. A karkara kuma mata da yawa ba su da takardar haihuwa, shekarunsu sai an kintata da wata yunwa ko naɗin wani sarki. Masu ƙididdiga sun san da wannan, suna kuma rubuta shi a ƙarshen rahoto, inda ƙalilan ke kaiwa.

Abin da ya rataya a kanmu

Matambayi ba ya ɓata. Duk lokacin da aka ce "bincike ya nuna", mai sauraro ya tambaya: wa ya yi shi, wa ya biya kuɗinsa, a ina, a wace shekara? Mutum nawa aka duba, da su wa aka kwatanta su? An auna ne ko an kiyasta? In an ce kashi kaza cikin 100, daga nawa zuwa nawa? Ɗan jarida da mai fassara a rediyon karkara su ne ya fi kamata su riƙe waɗannan tambayoyi, domin kalma guda da suka yar wajen juya Faransanci zuwa Hausa tana iya mayar da zato ya zama hukunci. Magajin gari da kantoma da shugaban asibiti kuma su nemi rahoton kansa, kada su tsaya ga taƙaitawar da ke shafin farko.

Saura hakkin mutanen ƙauye. Takardun da muka ambata na tamowa da na itatuwa da Ingilishi aka buga su, a ƙasashen waje, harshen da uwayen yaran da aka auna ba sa ji. A 2025 kundin sabunta ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, kuma a ƙauyukanmu akwai maza da mata da suka gama yaƙi da jahilci, masu iya karanta shafi guda a gaban jama'a. Shafi guda ɗin ya isa: ga abin da muka zo nema, ga abin da muka samu, ga abin da ba mu tabbatar ba. Ya kamata maigari ya nemi wannan alkawari tun ranar da motar ta tsaya a ƙofarsa, kafin a tara mata da yara, hukuma kuma ta sa shi cikin sharuɗɗan ba da izni. Wanda ya ba da damtsen ɗansa aka auna, shi ya fi kowa cancantar ya fara jin sakamako.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya raya mana zuri'a.