Kafin Ɗan Gwangwan Ya Ɗora Gadon Kakarki a Sikeli

A Faskari, kamar sauran garuruwanmu, idan tsohuwa ta rasu aka gama rabon gado, akwai kayan da kowa ke kau da kai daga gare su: gadon ƙarfe mai rumfa, kabad ɗin da aka jera samiru da fanteka, akushi, da kujera 'yar tsugunno da zama ya sa ta sheƙi. Gadon ƙarfen ɗan gwangwan ke saye da kilo. Kabad ɗin kuwa sau da yawa a murhu yake ƙarewa.

Mu kuma muna can Instagram muna yaba ɗakunan Turawa masu tsofaffin kujeru. Abin dariya, wallahi.

Yawancin kayan nan ba daga kamfani suka fito ba. Aikin gidajen masassaƙa ne da kafintoci, inda uba ke koya wa ɗa riƙon gizago tun yana ƙarami. Sun san icen da ya dace da kowane aiki: ƙirya don turmi saboda taurinta, maɗaci don gado da ƙofa. Kafintan da ya san aikinsa huda katako yake ya cusa wani a ciki su kama juna, ba ya dogara da ƙusa kaɗai. Shi ya sa kabad ɗin da aka kai kakarki ɗaki da shi yake nan daram, alhali na garin katako da aka matse aka lulluɓe da fomeka, wanda ake kai amare da shi yanzu, da ruwa ya taɓa ƙasansa sai ya kumbura ya fara ɓarewa.

Ga inda matsalar take: icen ma ya fara gagara. Dubi madobiya. Sararta da aka riƙa yi a Najeriya ana kai wa China ya yi yawan da a 2017 aka saka ta cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa wa ido, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga ƙasar nan. A yankinmu ga ƙarin damuwa. Dajin da ke tsakaninmu da Zamfara ba wurin da masassaƙi zai shiga da gatari hankali kwance ba ne, kowa ya san dalili. Ba ice, ba ciniki, sai 'ya'yan gidan su kama acaba ko su tafi ci-rani.

To idan kana son fara tarawa, fara da ɗakin ajiyar gidanku. Ɗaga kayan ka ji nauyinsa. Leƙa ƙasa ka duba ko gara ta ci. Ƙananan huji da gari-gari a ƙasa alamar ƙwaro ne. Don Allah kar ka yi saurin shafa masa fenti mai ƙyalli, nan ake kashe kyansa. Sanfefa da ɗan banish sun isa.

Kuma ka tambayi tsofaffin gidan wa ya yi shi. Sau da yawa za su faɗi gidan, har da unguwar, a Faskari ko Funtuwa. Idan jikan mai aikin na nan yana sana'ar, shi za ka kai wa gyaran ƙafar da ta karye, ka biya shi kuɗin aikinsa ba tare da dogon ciniki ba.