Gicciye da Jinjirin Wata: Me Alamomin Gine-ginen Ƙasa Ke Nufi?

Duk shekara idan an gama girbi, samarin Wurno da Raba da Goronyo sukan tafi cin rani. Wasu su nufi Zariya, wasu Abuja, wasu har Ikko. A can sukan ga manyan gine-gine masu alamomi a bisansu. Wani da jinjirin wata, wani da gicciye. Wanda bai san ma'anar alama ba, yana iya jin tsoronta, ko ya raina ta. Daga raini kuwa ake samun faɗa. Saboda haka yana da kyau mai karatu ya san abin da waɗannan alamomi ke nufi.

Mene ne ginin tarihi?

Ginin tarihi shi ne wanda ke tuna wa jama'a mutanen da, da ayyukansu. Mutanen Wurno ba su bukatar dogon bayani a kan wannan. A garinsu hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yake, wanda ya rasu a 1837. Har gobe baƙi na zuwa ziyara daga nesa. A Sakkwato akwai Hubbaren Shehu. A Katsina akwai hasumiyar Gobarau. Akwai kuma kufan birnin Surame na Kanta, Sarkin Kabi.

A 1979 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukuma ta musamman mai kula da gidajen kayan tarihi da tsofaffin gine-gine. Aikinta ya shafi ƙasa duka, Kudu da Arewa. Nijeriya kuwa ƙasa ce ta Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya. Don haka a cikin gadon ƙasa akwai masallatai, akwai kuma coci-coci.

Ma'anar gicciye

Gicciye itace biyu ne, ɗaya a tsaye, ɗaya a kwance a kansa. Shi ne babbar alamar Kirista. Su Kirista sun yi imani cewa an gicciye Yesu Almasihu, ya mutu saboda zunuban mutane, ya tashi a rana ta uku. Idan sun dubi gicciye, abin da suke tunawa ke nan. Musulmi kuwa sun yi imani cewa ba a kashe Annabi Isa ba, ba a gicciye shi ba, Allah ne ya ɗauke shi zuwa gare Shi. Wannan bambanci ne na gaske, kuma kowane ɓangare ya san nasa. Amma gicciyen da ke bisa coci ba zagi ba ne ga kowa. Yana dai shaida cewa nan wurin ibadar Kirista ne.

Akwai sauran alamomi. Ƙararrawa tana kiran mutane zuwa sujada, kamar yadda ladan ke kiran salla. Hoton kurciya yana nufin Ruhu Mai Tsarki, yana kuma nufin salama.

Shi ma jinjirin wata da ke bisa masallaci alama ce ta shaida wuri. Ya yaɗu a duniya ne ta hanyar daular Turkawa. Ba wanda ke bauta masa.

Cocin ƙasa na Wusasa

A gefen birnin Zariya akwai wani gari da ake kira Wusasa. A can akwai tsohon coci mai suna St Bartholomew. Wanda ya hango shi daga nesa zai zaci zauren wani basarake ne, domin da tubalin ƙasa da azara aka gina shi.

Ga yadda abin ya faru. A 1900 wasu Turawan mishan daga Ingila suka iso Kano. Sarki Alu bai yarda su zauna ba. A cikinsu akwai wani likita, Dokta Walter Miller. A 1905 ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani. Daga baya aka mayar da mishan ɗin bayan gari, a Wusasa. Wajen shekarar 1929 aka gina cocin, bisa tsarin ginin Hausa.

Zariya dama gidan magina ce. A can Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a a zamanin Sarki Abdulkarimu, kusan shekara 90 kafin wannan coci. Irin bakan gizon da ke riƙe da rufin masallatai da fadoji, shi ke riƙe da rufin cocin. Addini biyu ne, amma sana'ar gini ɗaya ce, ta Hausawa. Idan cocin ya rushe, Kirista sun yi asarar wurin ibada, Hausawa kuma sun yi asarar shaidar gwanintar kakanninsu.

Wusasa ta ba ƙasa manyan mutane. Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, ɗan wannan mishan ne. Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Nijeriya daga 1966 zuwa 1975, a can ya tashi. Dokta Miller kuma yana cikin waɗanda suka fassara Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa, aka buga shi a 1932.

Gine-gine biyu a Abuja

A 1976 Janar Murtala Muhammed ya sa aka zaɓi Abuja ta zama babban birnin ƙasa, domin tana tsakiya. Gwamnati ta koma can a 1991. A tsakiyar birnin an ware fili biyu. A ɗaya aka gina Masallacin Ƙasa a 1984, mai hasumiya huɗu da ƙubba mai ruwan zinariya. A ɗayan aka gina Babban Cocin Ƙasa, wanda aka kammala a 2005. Mai tsaye a ɗaya yana hango ɗayan. Da gangan aka yi haka, don a nuna cewa birnin na kowa ne.

Tsarin mulkin 1999 ya ce gwamnati ba za ta ɗauki wani addini ya zama addinin ƙasa ba. Ya kuma ba kowa 'yancin yin addininsa. Tutar Nijeriya ma ba ta da gicciye, ba ta da jinjirin wata. Kore na nufin noma, fari na nufin zaman lafiya.

A tambaya kafin a yanke hukunci

Wani lokaci rashin sani ke sa a ga addini a inda babu shi. A dubi takardar Naira 500. Akwai rubutun ajami a jikinta. Wasu 'yan Kudu sun ɗauka ayar Alƙur'ani ce. Alhali Hausa ce zalla, an rubuta "Naira ɗari biyar" don masu karatun allo su gane kuɗinsu. Haka nan jan gicciyen da ke jikin motar ƙungiyar agaji ta Red Cross. An ɗauko shi ne daga tutar ƙasar Suwizalan, inda aka kafa ƙungiyar. Ma'aikatanta ba su tambayar addinin majinyaci.

Ƙasar nan ta ga illar fushi. A watan Maris na 1987 rikici ya tashi a Kafancan, ya bazu zuwa Kaduna da Zariya da Funtuwa. An rasa rayuka, an ƙone wuraren ibada da dama. Abin da aka yi shekaru ana ginawa, wuta ta cinye shi a yini ɗaya.

Bawurne ba zai so baƙo ya yi wa hubbaren Bello rashin ladabi ba. To, haka mutumin Wusasa yake ji game da cocinsa. Ɗan cin rani da ya isa garin mutane, ya girmama wurin ibadarsu. Kada ya yi rubutu a bango, kada ya zuba shara a ƙofa. Abin da bai gane ba, ya tambaya cikin ladabi. Girmama ginin wani ba ya rage wa mutum imaninsa. Hausawa dai sun ce, zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki.