Gaskiya ko Jita-jita: Ƙarar Injin Iska Tana Sa Ciwo?

Wanda ya san yadda iskar hunturu ke kaɗawa a kwarin Rima, daga Argungu zuwa Birnin Kebbi, yana iya tambayar me ya hana a mai da ita lantarki. Tunanin ba baƙo ba ne a Arewa. A Lambar Rimi ta jihar Katsina akwai injinan iska 37 ƙirar kamfanin Vergnet na Faransa, kowanne mai ƙarfin kilowat 275, jimilla kimanin megawat 10. Sai dai duk ƙasar da aka kafa irinsu, maganganu kan biyo baya game da ƙararsu. Gara mu tace su tun aikin bai iso Kebbi ba.

“Ba su da ƙara sam.” Wannan maganar masu talla ce, kuma ba haka ba ne. Bakin fiffiken babban inji yana gudun fiye da kilomita 200 a awa, yana tsaga iska, sai a riƙa jin wani huci yana zuwa yana komawa. Da dare ya fi fitowa, lokacin da gari ya yi tsit.

“Suna kurmantar da mutum.” Jita-jita ce. Ana auna ƙarfin sauti da desibel. A tazarar mita 300 zuwa 500 daga babban inji, ƙarar takan tsaya wajen desibel 40 zuwa 45, kuma tana raguwa idan aka ƙara nisa. Abin da ke lalata kunne shi ne daɗewa cikin ƙarar da ta kai desibel 85, awa takwas a kullum. Manomin da ke wuni kusa da injin ban ruwa a fadamar Argungu, da mai aiki a injin casar shinkafa, da mai shagon da ke zaune da janareto a bakin ƙofa, su suka fi kusa da wannan haɗari.

“Akwai ɓoyayyen sauti da kunne ba ya ji, shi ke kawo jiri, ciwon kai da faɗuwar gaba.” Nan ne aka fi kai ruwa rana. Sautin yana nan: kunnen ɗan Adam bai cika kama girgizar da ba ta kai sau 20 a daƙiƙa ba, kuma injin iska yana fitar da irinta, kamar yadda mota da guguwa da igiyar ruwa ke yi. Tsoron ya yaɗu ne bayan 2009, da wata likita Ba'amurkiya, Nina Pierpont, ta buga littafi tana danganta shi da rashin lafiya. Hukumar binciken lafiya ta Ostareliya ta bi diddigin lamarin a 2015, ta ce babu tabbatacciyar hujja cewa injinan suna haddasa cuta. A 2023 cibiyar Woolcock da ke Sidni ta fitar da sakamakon wani gwaji: an kwantar da mutane 37 a ɗakin bincike, ana sakar musu wannan sauti awa 72 a jere, ba tare da sun san ko na gaske ne ko na bogi ba. Ba a ga illa a barcinsu ko lafiyarsu ba. A jami'ar Auckland kuwa, waɗanda aka fara tsoratarwa da labarin illar sun koka da ciwo ko da babu sautin da aka kunna. Ciwon da suka ji na gaske ne, amma fargaba ce ta kawo shi.

“Suna damun maƙwabta.” Gaskiya ce. Ma'aikatar lafiya ta Kanada ta bincika gidaje 1,238 da ke kusa da injinan, ta sanar da sakamako a 2014. Ba ta sami alaƙa tsakanin ƙarar da hawan jini ko lalacewar barci ba, amma ta ga cewa idan ƙarar ta ƙaru, masu cewa ta ishe su suna ƙaruwa. Haka ma inuwar fukafukai da ke gilmawa ta taga da hantsi ko da la'asar. Shi ya sa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashen Turai shawarar kada matsakaiciyar ƙarar ta wuce desibel 45 a wajen gidaje. Wani bincike a Holan ya ƙara da cewa masu samun kuɗi daga injinan ba su cika kokawa ba, ko da sun fi kowa jin ƙarar.

“Shanu ba za su yi kiwo a wurin ba.” A Turai da Amurka shanu da tumaki suna kiwo har gindin injinan. Tsuntsaye da jemagu ne kan yi karo da fukafukai, don haka fadama mai tara tsuntsayen ruwa irin ta Rima tana bukatar a duba ta da kyau kafin a zaɓi wuri.

Idan wata rana aka zo neman fili a masarautar Gwandu ko ta Argungu, ga abin da ya kamata hakimai da masu gonaki su tambaya: mita nawa ne tsakanin inji da gidan farko? An auna ƙarar da dare, ko da rana kawai? Ina rahoton nazarin tasiri ga muhalli, wanda doka ta wajabta tun 1992? Nawa ne diyyar gona, kuma ƙauyen zai sha wutar ko wayoyi ne kawai za su ratsa ta kansa? A nemi amsoshin a rubuce kafin kowa ya sa hannu.