Amsar Takardunku: Wai Na'ura Mai Ƙwaƙwalwa Tana Janye Maganarta?

Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga jihar Maraɗi, ya aiko da takarda yana tambaya: Wai shin in an ba na'ura mai ƙwaƙwalwa labari yau, gobe al'amari ya sake, yaya take yi?

To malam, wannan tambaya taka ta daɗe tana ci wa masana tuwo a ƙwarya. Ɗauki misali da rumbunka. Da kaka ka zuba dami hamsin na gero, ka rufe. Bayan wata uku in an tambaye ka, cewa za ka yi suna nan, ko ba ka leƙa ba. Amma da zarar yaro ya ce gara ta shiga, sai ka janye maganarka. Ba ƙarya ka yi da farko ba, hukunci ka yanke da abin da ka sani a lokacin.

Shi kuwa lissafin da aka fara koya wa na'ura, abin da ya tabbata a cikinsa ya tabbata ke nan, ba janyewa. A 1969 wasu masana biyu, John McCarthy da Patrick Hayes, suka nuna wahalar sanar da na'ura abin da ke zama yadda yake bayan an yi wani aiki. A 1980 McCarthy da Raymond Reiter, kowa da tasa hanyar, suka fito da lissafin da ke barin na'ura ta yi zato, ta kuma janye in sabon labari ya zo.

Sai ga shi a 1986 Steve Hanks da Drew McDermott na Jami'ar Yale a Amurka sun gano ɓaraka. Suka ce an ɗura bindiga, an jira kaɗan, an harbi wani. Ya mutu? Lissafin ya ba da amsa biyu: ko dai ya mutu, ko kuma harsashin ya ɓace da kansa lokacin jira! Ɗaya daga cikin gyaran da aka kawo shi ne kada na'ura ta yarda da wani canji sai da sanadinsa.

Saboda haka malam, in wayarka ta faɗa maka farashin buhun gero, kafin ka ɗora kaya a mota, bincika na wace rana ne. Mai yiwuwa tana riƙe ne da labarin makon jiya, sabo bai iso mata ba.

Da fatan ka gamsu. A gaishe da mutanen gida.