Tsohuwar Ƙaramar Tarakta: Ko Akwai Riba A Gyaranta?

Jama'a, yau za mu yi magana a kan ƙaramar tarakta. Ba babbar nan da ake hawa a manyan gonaki ba. Ƙaramar muke nufi, mai taya biyu, wadda mutum yake riƙe hannuwanta yana bin ta a baya kamar garmar shanu. Yawancinsu ƙarfinsu tsakanin doki 8 ne zuwa 15, kuma daga ƙasar Sin da Indiya da Japan ake kawo su. Masu noman shinkafa a Kura da Kadawa sun san ta sarai.

A Amurka akwai wata irin ƙaramar tarakta ta lambu, mai taya huɗu. An fara ƙera Cub Cadet a 1961, kamfanin John Deere kuma ya fito da tasa a 1963. Har yanzu mutanen can suna sayen tsofaffin su gyara. Amma da yawansu don sha'awa suke yi, kamar yadda mai doki yake ƙawata dokinsa. Mu kuwa a nan abinci muke nema. Saboda haka tilas mu yi lissafi.

To, mutum ya ga wata a yashe bayan gida, ta yi tsatsa, mai ita yana neman kai da ita. Shin ya saya, ya gyara, ya sayar?

Abu na fari, kada ya dubi fenti. Ya dubi inji. In tana tashi, a tayar da ita a gabansa, ya tsaya ya kalli hayaƙin. Baƙin hayaƙi sau da yawa ƙaramar matsala ce, watau matatar iska ta toshe ko nozil ya lalace. Shuɗin hayaƙi kuwa alama ce inji yana shan baƙin mai, ringi ya cinye, sai an buɗe shi. Sa'an nan ya zaro sandar awon mai. In ya ga man ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga ciki. Mai yiwuwa gasket ne ya ƙone, wannan da sauƙi. Mai yiwuwa kuma jikin injin ne ya tsage. Wadda jikinta ya tsage, a bar wa 'yan gwangwan, su auna ta a kilo.

Abu na biyu ya fi na farin muhimmanci, shi ne kayan gyara. Kafin ka biya ko kwabo, ka rubuta sunan injin da lambarsa a takarda (ga amfanin karatun da kuke yi ke nan), ka kai Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tambaya. In ana samun kayansa, madalla. In ba a samu, ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa, don ƙusa ɗaya tana iya zaunar da ita shekara guda.

Yanzu ga lissafi. Kuɗin nan na misali ne kurum, gama farashi yana canzawa. Ka sayo ta naira 400,000. Kayan gyara sun ci 150,000. Kuɗin mota 20,000, ladan bakanike 60,000, fenti 20,000, la'adar dillali 30,000. Duka ya kama 680,000. Ka sayar 750,000. Wani zai shiga gari yana cewa ya ci ribar 350,000, don ya debe kuɗin saye kaɗai. Ba haka ba ne. Ribarsa 70,000 ce. In kuwa wata uku ya yi yana fama, sai ya tambayi kansa: da ya sa kuɗin nan a kiwon raguna, nawa zai samu?

A ganina, wanda ya iya gyara da hannunsa shi ne sana'ar nan ta karɓa. Ladan bakanike ya dawo aljihunsa, kuma ba a cika cutarsa wajen saye ba. Wanda bai san fistan ba, sai dai a gaya masa, ya yi hattara ƙwarai.

Lokacin sayarwa ma abin lura ne. Ana neman tarakta gab da faɗuwar damina, da lokacin shirin noman rani. In ka gama gyara bayan kowa ya yi huɗa, sai ka jira, kuɗinka yana kwance. Amma kana iya ba da ita haya kafin mai saye ya zo. Kuma kada ka rufe aibi da fenti. Mai sayen nan ɗan ƙauyenku ne ko na maƙwabta, in ta mutu masa a tsakiyar fadama, ƙofar gidanka zai zo.

Ku ɗauki fensir ku gwada wannan. A misalin da muka kawo, bayan an buɗe inji sai aka tarar giya ma ta lalace, gyaranta naira 90,000. Riba aka ci ko hasara aka yi? Nawa?