Dashen Zuciya da Taimakekeniyar Asibitoci

A ranar 3 ga Disamba, 1967, a asibitin Groote Schuur na birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, likita Christiaan Barnard ya ɗauki zuciyar wata budurwa da mota ta kaɗe, ya dasa ta a ƙirjin Louis Washkansky, wanda ya yi kwana 18 kafin ciwon huhu ya zama ajalinsa. Sai dai aikin bai zauna da gindinsa ba sai a farkon shekarun 1980, sa'ad da aka samu maganin cyclosporine, mai hana jiki yaƙar baƙuwar zuciya.

Haƙiƙa wannan aiki ya fi ƙarfin likita ɗaya, domin zuciyar da aka cire ba ta jure fiye da sa'a huɗu zuwa shida, saboda haka wajibi ne asibitin da mamaci yake, da wanda majinyaci ke jira, da masu gwajin jini, da masu sufuri, su zama tsintsiya maɗaurinki ɗaya. Fuƙaha'u ma sun yi ijtihadi a kan mas'alar, har Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta ɗaukar gaɓar mamaci bisa sharaɗin izininsa ko na magadansa, ta kuma haramta cinikinta.

To, ina rabon mutumin Kiyawa ko Jahun a cikin wannan? A ganina, taimakekeniyar da ta fi dacewa da mu tana farawa tun kafin zuciya ta lalace. A Enugu aka fara buɗe ƙirji don gyaran zuciya a Nijeriya a 1974, Asibitin Malam Aminu Kano kuma yana dashen ƙoda tun 2002. Amma abin da ke kai talaka mai ciwon zuciya asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Birnin Kudu, galibi hawan jini ne da aka yi sakaci da shi, ko ciwon maƙogwaron yara wanda, idan ba a magance shi da penisilin ba, yakan ɓata ƙofofin zuciya bayan shekaru, ko kuwa kumburin masu jego, wanda likitoci Davidson da Parry suka bincika a Zariya a shekarun 1970, suka danganta shi da yawan kunun kanwa da wankan jego da kwanciya bisa gadon wuta.

Idan ma'aikacin ɗakin shan magani na ƙauye ya gane maijego mai haki da kumburin ƙafa, ya tura ta Dutse da takarda, likitan Dutse ya ɗauki hoton zuciyarta ya tuntuɓi ƙwararru a Kano, su kuma su mayar masa da bayanin maganin da za ta ci gaba da sha, to da yawa daga matan nan zukatansu kan farfaɗo cikin 'yan watanni.