Da Bulls ta 1996 za ta gamu da Warriors ta 2017, wa zai ɗauki kofi?

Masu sha'awar ƙwallon kwando a ƙasar Amurka sun daɗe suna gardama a kan wata karawa wadda ba a taɓa yi ba, ba kuwa za a yi ta ba, gama shekara 21 ce ta raba ƙungiyoyin biyu. Ɗaya ita ce Bulls ta birnin Shikago ta shekarar 1996, ɗayar kuwa Golden State Warriors ta jihar Kalifoniya ta shekarar 2017.

Bari mu fara da bayanin gasar, domin masu karatu su fahimta. A babbar gasar NBA kowace ƙungiya tana yin wasa 82 a shekara. Bayan haka sai a shiga zagayen fid da gwani, inda wadda ta riga cin wasa huɗu cikin bakwai take wucewa, har a kai ga kofi.

Bulls ta ci wasa 72, aka ci ta 10, sa'an nan ta kayar da Seattle da ci 4 da 2 ta ɗauki kofi. Jagoranta Michael Jordan yana zuba maki 30 a kowane wasa, Scottie Pippen yana tsare gwanin abokan hamayya, Dennis Rodman kuwa yana cafe ƙwallo kusan 15 daga cikin waɗanda suka kuskure kwando. Ƙarfinta tsaro ne da juriya.

Warriors ta zarce wannan adadi a 2016 da wasa 73, amma ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare: tana gaba da ci 3 da 1, Cleveland ta juyo ta ƙwace kofin. Sai Kevin Durant ya zo ya haɗu da Stephen Curry da Klay Thompson da Draymond Green. A 2017 suka ci wasa 67, a zagayen fid da gwani kuma suka ci 16, aka ci su sau ɗaya tak. Makaminsu jifa daga nesa, wanda ake ba maki uku maimakon biyu. Curry shi kaɗai ya zuba irinsa 402 a kakar 2015-2016.

To, ina gaskiyar take? Tana ga dokar da alƙalin wasa zai bi. A zamanin Jordan mai tsaro yana iya ɗora hannu a jikin mai ƙwallo ya rage masa gudu. A 2004 aka tsananta hana wannan. Tsaron yanki, wato mutum ya tsare wuri maimakon mutum, haramun ne sai a 2001. Layin maki uku ma a 1996 yana kan mita 6,71, alhali a 2017 yana kaiwa mita 7,24.

Saboda haka, in an bi tsohuwar doka, Pippen da Jordan za su matsa wa Curry har ya rasa sararin jifa, Rodman kuma ya hana Warriors jifa na biyu, rinjaye ya koma ga Bulls. In an bi sabuwa, Warriors za ta buɗe fili, ta jawo dogayen Bulls nesa da kwando, kuma maki uku-uku sun fi biyu-biyu saurin taruwa.

Mutum ɗaya ne ya ga abin ciki da waje, shi ne Steve Kerr, wanda ya yi wa Bulls wasa a 1996, kuma shi ne mai horar da Warriors a 2017. Musayar ƙwallo da motsi ba tsayawa da aka gani a Warriors suna da kama da abin da Phil Jackson ya koyar a Shikago.

A ganinmu, in ta kai ga wasa na bakwai, Bulls ce za ta ɗauka, domin a minti na ƙarshe, lokacin da hannu yake rawa, tsaro ya fi jifan nesa tabbas. Jordan ya je wasan ƙarshe sau shida, bai dawo ba kofi ba ko sau ɗaya.